Ƙusar da Inna Ba Ta Faɗa Ba

A Tudun Wada ta Sakkwato, in ka ce Muntari kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Muntari Mai Zarto kuwa, ko makaho zai nuna maka rumfarsa. Rumfar kwano ce 'yar ƙarama, zartuna na rataye a jikin bango an naɗe su zagaye-zagaye. Ba zarton hannu irin na kafinta ba ne. Dogon ƙarfe ne siriri mai haƙora, an haɗe kansa da gindinsa ya zama kamar ɗamara, ana ɗora shi a injin yanka katako yana zagayawa yana cin gungume. Injin nasu ne su biyu, shi da ƙanensa Gazali, irin wanda ake ja a bayan mota a kai shi inda icen ya faɗi. Gazali ke yanka. Muntari ke zaɓen zarto, shi ke wasa shi, shi ne kuma ke hana kowa sakat.

A Kurmi, can kudu, ya koyo sana'ar. Yana saurayi ya bi wata motar albasa ya tafi, a zamanin da babu wayar hannu, ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba sai ɗan saƙon baki jefi-jefi. Da ya dawo, ya dawo da magagari a aljihu, da yatsa ɗaya da ya rage tsawo, da kunnen da ke jin ciwon zarto tun kafin zarton ya nuna.

In ka zauna a bencinsa zai koya maka ko ba ka tambaya ba. Zai ce wawa ne ke wasa bakin haƙori kawai ya tashi. Dole magagari ya shiga har kwarin da ke tsakanin haƙora, don can ne tsagewa ke farawa, siririya kamar gashi, ran da ta girma zarto ya tsinke a tsakiyar aiki. Bayan washi sai karkatarwa: wannan haƙori a ɗan tura shi dama, wancan hagu, na uku a bar shi tsaye, don hanyar da zarto ke buɗewa ta fi jikinsa faɗi, kada ice ya shaƙe shi. Bishiyar malaina mai taushi tana son haƙori mai kwaɗayi, wanda ya sunkuya gaba. Maɗaci busasshe kuwa in ka kai masa mai kwaɗayi, sai zarto ya yi ta rawa, katako ya fito da tudu da kwari. In Gazali na yanka, Muntari kan damƙi garin katakon ya murza a tafin hannu. In ya ji shi da zafi ya dunƙule, sai ya ɗaga hannu a kashe inji, ko da mai aiki na kumfar baki.

Amma ba wannan ya sa aka san shi ba. Abin da ya sa aka san shi tambaya ce guda. Ba ya ɗora zarto a kan icen cikin gari sai ya tsuguna ya dubi mai icen ya ce, "Wa ka zama gindinai?"

Mutane na cewa gulma ce ke damunsa. Ba gulma ba ce, ko da yake ba ya ƙin ta in ta samu. Icen daji ba ruwansa, amma dogon yaron Sakkwato ya sha zama da mutane, kuma duk wanda ya zauna a inuwarsa sai ya bar masa ƙarfe. Mai shayi ya kafa ƙusa ya rataya burodi. Mai faci ya kafa ya rataya taya. Matan gida sun ɗaura wayar shanya, maigida ya ɗaure ragon layya. Mutanen su tashi, ice ya yi ƙiba ya haɗiye ƙarfen, ɓawo ya rufe kamar ba a yi ba. Ran da zarto ya iske shi, haƙora su zube, zarto ya kauce hanya, katako ya lalace. Shi ya sa Muntari ke da zartuna iri biyu. Waɗanda suka sha washi har suka rame yana kiransu tsofaffi, su yake turawa gaba in bai yarda da ice ba. Sabon zarto mai faɗi kuwa amarya ce, ba ta fita sai an share mata hanya.

Da wannan yake ci da iyalinsa, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba. Matarsa Zulaiha ta daina faɗa a kan garin katakon da ke cika masa aljihu. Ran Juma'a yakan sa farar riga, bayan masallaci ya wuce Ƙofar Taramniya ya gaida mahaifiyarsa, Inna Lami. Gaisuwar ba ta da tsawo. Shi ne ɗan fari, don haka tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ba ta dubansa ido cikin ido. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa wanda ke kusa. Ya san kunya ce ta ɗan fari, kowa ya sani. Duk da haka akwai wani ɗan lungu a zuciyarsa da ke tuna ranar da zai tafi Kurmi: tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bana, iskar ruwan farko ta tuge dogon yaron da ke tsakar gidan Inna. Allah ya tsare, bai taɓa kowa ba, sai akurkin kaji da ya sha kashi. Kafin rana ta yi zafi masu gidan burodi sun zo taya itace, Inna ta kore su da muciya a hannu.

"Ba a ƙona iccen ga," ta ce wa Gazali, Muntari na tsaye a gefe. "Malam yad dasa shi shekarar da anka kawo ni gidan ga. Ka hwaɗa ma wancan, ƙyaure nike so. Na gaji da wanga na kwano, iska kaɗan shi hana mutum barci."

Muntari ya zagaya gungumen. Icen ya yi kauri amma gajere ne, bai fi tsayin mutum da kaɗan ba ya rabu biyu. Katako biyu kawai za a samu masu faɗin da za su yi ƙyaure, daga tsakiya. In zarto ya kauce a nan, babu wani icen da marigayi mahaifinsu Malam Tukur ya dasa da za a koma wa. Kuma wannan ne abu na farko da Inna ta taɓa nema a wurinsa.

Aka jawo inji har ƙofar gida, samarin unguwa suka mirgino gungumen. Ƙanwarsu Wasila ta zo daga Minanata don kallo, da kwanon fura da bakinta da ba ya hutawa. Muntari ya ɗauka ya san icen, ai a gindinsa ya yi rarrafe. Amma sabo ya fi ƙarfinsa. Ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar Inna, ya dubi ƙasa.

"Inna, wane ƙarhe anka taɓa kahwa ma iccen ga?"

Ta amsa tana duban Wasila. Akwai ƙusar da Malam ke rataya rediyo, ta wajen gabas. Akwai zoben da Gazali ya kafa don ragonsa mai tunkuyi, ƙasa-ƙasa. Akwai wayar shanya da Wasila ta naɗa shekarar aurenta ba ta kwance ba. Kowa a gidan ya bar wa icen abinsa, ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya har da dariya.

"Shi ke nan, Inna?"

Ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba.

"Shi ke nan."

Bai ji sunansa a lissafin ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya ɗauki kurfi da guduma ya bi inda ta faɗa. Ya tono ƙusar rediyo, ya tono zoben, ya zaro wayar guntu-guntu. Ya sa aka wanke ɓawon don yashi ma na cin haƙori. Tsohon zarto ya fara shiga ya kwashe gefe da gefe lafiya lau. Sannan Muntari ya kwance amarya da kansa, ya ɗora, ya ɗaure ta, ya ɗan buga ta da yatsa ya saurari ƙararta. Ita kaɗai yake da ita mai faɗin da za ta riƙe hanya a ice mai kauri haka.

Katako na farko ya fito sumul, ja-ja, yana ƙamshin ɗaci. Wasila ta rangaɗa guɗa. Na biyu ya yi nisa, saura kamar kamu biyu a fita, sai zarto ya ƙwalla wata ƙara da ta sa kaji tashi sama. Gazali ya kashe inji.

Muntari ya ji ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba don zarton ba. Ya yi tambaya, an ba shi amsa, ga shi kuma zai kunyata a gaban mutum ɗaya da ba ya son kunyata a gabanta. Ya sa aka buga 'yan itatuwa a tsagar, ya janye zarton baya a hankali. Haƙora biyu sun tafi, na gefe ɗaya duk sun dakushe, zarton ya ɗan hau sama kamar faɗin ɗan yatsa. Da Gazali ya yi jinkirin kashewa, da an gama. Ya sa kurfi ya yi ta tono har ya zaro abin. Doguwar ƙusa ce, baƙa ƙirin, an lanƙwashe kanta sama don rataya.

Wasila ta karɓa ta juya ta, sai ta dafe ƙirji.

"Wagga ai ƙusar hitila ta! Yaya, lokacin da kat tahi Kurmi, kullum magariba Inna na rataya hitila nan, daidai bakin zaure. Wai kar wani shi dawo cikin duhu shi hwaɗa kwata. Ni ka zuba mata kananzir, har Baba na hwaɗa."

"Ke Wasila, ba ki da abin yi?" in ji Inna. "Don kunamu na. Gidan ga kunamu sun yi yawa lokacin."

"To, ranar da yad dawo kunamun sunka ƙare ke nan, don ban ƙara ganin hitilar ba."

Gazali ya juya baya yana ɓoye dariya. Inna ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce rana ta dame ta, alhali tana cikin inuwa.

Shi dai Muntari da rana tsaka ya dawo daga Kurmi, a kan babur ɗin haya, shi ya sa bai taɓa ganin fitilar ba. Duk shekarun nan yana zaton tafiyarsa ba ta rage mata ko loma ɗaya ba. Daɗi da kunya suka haɗe masa. Ɗan fari ba ya zuwa ya rungumi uwa, ita ma da ya gwada da muciyar nan za ta bi shi. Sai ya jefa ƙusar a aljihu, ya sauke zarton, ya shimfiɗa shi a kan benci a tsakar gida, ya fito da magagari.

Bai taɓa yin washi irin na ranar ba. Haƙori bayan haƙori, ya rage masu tsawo su daidaita da waɗanda suka dakushe, ya share kowane kwari, ya sake karkatar da su dama da hagu yana gwadawa da babban yatsa. In idonsa ya cika sai ya ce garin ƙarfe ne. Wajen la'asar aka turo masa kwanon fura har gefen ƙafarsa, da ya ɗago kuma bai ga wanda ya turo ba, sai bayan Inna tana komawa tabarma.

Suka juya gungumen suka shiga ta ɗaya kan. Muntari ya hana Gazali sauri, yana tafe gefen injin da hannunsa a cikin garin katako. Zarton na zagayawa yana ɗan cewa tak, tak, a inda haƙora biyu suka fita, amma ya riƙe hanya har tsaga ta haɗu da tsaga. Ɗan tudun da ya rage, kafinta ya share shi.

Ƙyaure ya yi kyau, mai nauyi, ba ya ko motsi in iska ta taso. Aibinsa ɗaya: daidai tsayin kai akwai rami, da wani baƙin zane da tsatsar ƙusa ta bari a jikin icen. Ranar da aka kafa shi Muntari ya kwaɓa garin katako da gam zai toshe.

"Gazali," in ji Inna daga cikin ɗaki, "ka ce ma wancan shi bar mani ramina. Kuma a maido mani ƙusata, na san wanda yaɗ ɗauka."

Muntari ya ciro ta daga aljihu, ya mayar da ita cikin ramin da guduma.

Har yau yana rumfarsa a Tudun Wada, yana tsare mutane da tambaya. Sai dai yanzu in mai ice ya ce shi ke nan, Muntari kan ɗan jira, ya sake tambaya. Zarton nan mai giɓi ya koma cikin tsofaffi, Gazali ya sha cewa a sayar wa maƙera su yi wuƙaƙe, shi kuma ya sha yin kamar bai ji ba.

Wata Juma'a aiki ya riƙe shi a bayan gari, bai iso Ƙofar Taramniya ba sai bayan magariba, an kuma ɗauke wuta. Yana sa ƙafa a zaure ya ga haske a ƙasa. Tocila ce a rataye a ƙusar ƙyauren, a kunne, ta nufo bakin kwata. Inna na zaune a bakin ƙofa da carbi, ta kau da kai.

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Lahiya lau," ta ce wa bango. "Kunamun nan sun dawo."