Ƙwayoyin Inna Fulera

Duk zangon Sokodé an san Inna Fulera mai wagashi. Tun tana budurwa take ɗauko cukun nan a ka daga rugagen Aouda, da shi ta raini 'ya'ya takwas, amma ko gutsure bai taɓa shiga bakinta ba. Wai haja ba ta ci ba ce. Da tsufa ya zo, baya ya lanƙwashe, tsayi ya ragu har zaninta na jan ƙasa.

'Yarta Zalia, mai atamfa a kasuwar Dapaong, ita ta ja ta gaban likita da ƙyar. Ya ce ƙasusuwan sun zama kamar busasshen kara, faɗuwa ɗaya ta isa ta kwantar da ita. Ya rubuta ƙwayoyin kalsiyom da magneziyom, kullum ba fashi, ya ce ta riƙa cin wagashi. Inna ta ce ƙwaya dai ta ji. Zaman Dapaong kuwa ta rantse ba da ita ba, a ɗakinta za ta ƙarasa kwanakinta, tana tsaye da ƙafafunta.

Sai ga yajin aikin gama-gari da ya ƙi ƙarewa. Farmasi a rufe, mota ta yi wuya, ko'ina shinge. Zalia ta sa aka ƙetaro maganin daga Burkina, ta hau motar albasa, ta sha zagi da bincike a hanya, ta kai wa uwarta na wata uku.

Ba a yi wata ba ta dawo dubiya, ta tarar da kwalba fayau. Ashe tunda goro ya yi ƙaranci a gari, duk tsohuwar da ta shigo gaisuwa sai Inna ta zazzaga mata ƙwaya biyu a tafin hannu. Rakiya maƙwabciya, mai ciwon gwiwa, har sau biyu take leƙowa a yini. Zalia ta ɗaga kwalbar ta nuna wa uwarta.

"Inna, don Allah, wannan ba goro ba ne. Ƙashinki ne."

"To baƙuwa ta zauna min a tabarma, in juya baya ina haɗiye abu ni kaɗai? Ba haka aka haife ni ba."

Zalia ta sake wahalar nan tun daga farko, ta damƙa kwalbar a hannun matar yayanta, ta ce guda-guda za a riƙa ba ta, a tsaya sai ta sha. Ina! Tsohuwa ta koyi ɓoyewa a kumatu, ta ƙulle a bakin mayafi, ta ajiye wa baƙi.

Da damina ta sunkuya ɗaukar buta a tsakar gida, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Asibiti ba ma'aikata. Mai ɗori ya lalluba, ya girgiza kai, ya ce wannan ƙashi ba ya riƙe ɗori.

A tabarma aka ɗauko ta zuwa motar Dapaong, ta rufe fuska da mayafi don kada a ga hawayenta. Tsofaffin zango suka yi rakiya har bakin titi, kowacce garau a kan ƙafafunta. Rakiya ta leƙo ta taga, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta rage murya ta ce wa Zalia maganin nan fa ya karɓe ta ƙwarai, in za ta sake zuwa kada ta manta da ita.

Zalia ta dube ta, ta dubi uwarta a kwance. Ta ce wa direba su tafi.