Kujerar Mai Rawar Hannu

Hannunta rawa yake yi, kuma ba ta ɓoyewa. Da ta shigo ajin koyon walda na yamma takan ɗaga shi a gaban malamin, ta ce, "Ga shi nan, yau ma bai daina ba."

Ta haura sittin, gajeruwa ce, ta ɗaure gyale a ƙugu saboda tartsatsi. Yadda take auna ƙarfe sau biyu kafin ta yanka, da alama tela ce da ta ajiye keke. Ba sana'a take nema ba. Kujera ɗaya take so ta haɗa da hannunta, kuma sau uku ƙafar tana ɓallewa. Malamin bai rufe ta ba: in ta sake ɓallewa, sai dai ta koma shafa fenti.

Yanzu ta sauke baƙin gilashi a fuska, ta kafa gwiwar hannu a kan teburi, ta tallafe hannun dama da na hagu kamar mai zura zare a allura. Tartsatsi na tashi, ita ko gezau. Ɗinkin ya fito a karkace, mummuna ƙwarai.

Malamin ya ɗauki guduma ya maka wa ƙafar sau uku. Ba ta motsa ba.

"Inna, kawo in goge miki munin," in ji shi.

"Bar mini abina." Ta ɗage gilashin, ta ƙare wa ajin kallo. "Wanda ya fi kowa ƙiba a cikinku, don Allah ya zo ya zauna."