Kafintan da Ya Gina Tsibiri a Baƙin Tafki

Kafin in tada motar wasiƙu da safe, Lachie Bremner ya riga ya kai tsakiyar fadama. Haka na saba ganinsa duk bazara: dogayen takalman roba, madubin hangen nesa a wuya, gorar shayi a aljihu, yana taka laka a hankali kamar mai gudun tada jariri. Ƙananan ƙudajen nan masu korar baƙi daga yankinmu na Sutherland sun cije shi har sun gaji. A wannan watan zai ajiye aikin gadin gandun tsuntsaye saboda ciwon gwiwa, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba, ko da zai yi fushi da ni.

Asalinsa kafintan jirgin ruwa ne. Da aka keɓe fadamar aka ɗauke shi gadi, sai tsuntsu ɗaya ya shiga ransa, wanda muke kira mai nutso. A ruwa ba a kama shi, amma a tudu abin tausayi ne, don ƙafafunsa can baya suke, sai jan ciki. Shi ya sa macen take yin ƙwai a bakin ruwa. In aka yi ruwan sama tafki ya cika, ƙwai ya tafi. In ruwa ya janye, yanyawa ta samu kalaci. Muna yara kukansu ke tashinmu. A 'yan shekarun nan mace ɗaya da namiji ɗaya suka rage a Baƙin Tafki, kuma sun daɗe ba su ga ɗa ba. Kowa ya san in suka mutu haka, tafkin ya yi shiru ke nan.

Sai Lachie ya koma wa sana'arsa. Ya haɗa katako da abin da ba ya nutsewa, ya yi ɗan tsibiri mai yawo, ya ɗaure shi da igiya a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa. Tsuntsayen ko kallo bai ishe su ba. Dodie Manson, maƙwabcinsa mai kiwon tumaki, ya samu abin yi.

"Lachie, yaya otal? Baƙi sun iso, ko har yanzu ana gyaran ɗaki?"

"Kai dai ka ji da tumakinka, ɗaya na cikin lambun Ishbel tana cin kabeji."

Ishbel matarsa ce, ita ma ba ta ƙyale shi ba. "Tsoho, ƙofar kicin ɗina ta shekara tana kuka, amma tsuntsu ya samu kafinta."

Lachie ya koma bakin tafki. Ya zauna kan tudu yana kallon yadda macen ke jan ciki, har ya gane gefen tsibirin ya yi mata tsayi, kuma katako ba gida ba ne a wurinta. Da hunturu ya sassauta gefen, ya yanko ƙasar bakin tafkin da ciyawarta, daga inda ta saba kwanciya, ya shimfiɗa a kai. Bana ta hau, ta yi ƙwai a kai. Ranar da ya tare ni a hanya ya faɗa mini, na kusa jefa motar gwamnati a rami don murna.

Ana cikin haka sama ta buɗe, ruwa da iska ba sassauci. Muka taru a kicin ɗin Ishbel, hankalin kowa a tashe, har da Dodie mai tsiya.

"Ɗauko kwale-kwale mu duba igiyar nan, ni zan tuƙa," in ji Dodie.

"Ba inda za mu. Tsuntsuwar tana ganin jirgi za ta tashi, ƙwai ya huce, hankaka ya gama da shi," in ji Lachie.

"To in igiyar ta ja tsibirin ƙasa fa?"

"Ni na ɗaure ta, Dodie. Na bar mata rara, ruwa ya hau ta hau."

Ya ci gaba da shan shayinsa, bai tashi ba. Kai ne ka san inda ake sa hannu, Lachie, ka kuma san inda ake janye shi, wanda ya fi wuya. Kai ne ka zauna da tsoronka don kada ka tsorata tsuntsuwa.

Da gari ya washe muka hau tudu. Tsohon wurin kwanciyarta ya nutse, ko alamarsa babu. Tsibirin kuwa yana can yana lilo a saman ruwa, ita tana kai, ko gezau. Gani ya kori ji. Ba a daɗe ba muka koma, Lachie ya miƙa mini madubin, sai ga 'ya'ya biyu masu gashi kamar auduga mai toka, ɗaya ya haye bayan uwarsa. Wallahi na yi kuka, ban ji kunya ba. Dodie ya cire hula ya ce, "To, otal ya yi baƙi."

Mun gode, Lachie, kafintan marasa ƙafa. Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma matasa, tsibirin yana son sabuwar ƙasa kowane hunturu, kuma akwai tafkuna da yawa da suka yi shiru. Ku je ya koya muku ɗaurin igiyar tun yana iya nunawa. Za ku same shi a gida, Ishbel ta ce ba ya fita sai ya gyara ƙofar. In kun tashi tafiya, ku bar tagar motarku a buɗe. Baƙin Tafki ya dawo da kukansa.