Kwabon Coci a Kitson Hafsatu

Da isowarsa gidana, ƙanena Bello ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, ina kwabon tarihin da na kawo maka daga Turai, mai hoton tsohon coci? An daina buga shi fa."

Ina laluben ƙarya a aljihu, sai ga 'yata Hafsatu, kwabon yana reto a kitsonta. Ashe Innarmu ta kai wa maƙerin Kalgo ya huda shi.

Bello ya dafe kai, ya dubi Inna da ke zaune a gefe. "Inna, kin huda tarihi!"

Ta ce, "Ginin ba taga, na sa an buɗe masa."

Bello ya fashe da dariya, na tsira.

Da za a buga kwabon Gwandu, wane gini za ku sa? Ni dai rumbun gidana, kafin ya faɗi.