Lalla Freha Ta Tashi Yin Tambaya

Lalla Freha ta haura shekara saba'in ba ta taɓa zama a aji ba. A ƙauyensu na Yahudawa a kudancin Maroko, yara maza ake kaiwa gaban malami su koyi Attaura. Ita nata aikin ta kai wa yayyenta abinci, ta tsaya bakin ƙofa har a miƙo mata kwano. Da ta auri Mahluf mai gyaran takalma suka koma Kasablanka, ta haifi biyar, ta yi suna da ɗinkin kayan amare har idonta ya gaji.

Duk shekara akwai daren Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke tuna fitowar kakanninsu daga bauta a Masar. Al'ada ce autan gida ya miƙe ya rera tambaya: me ya bambanta wannan dare da sauran darare? Maigida kuma ya amsa da labarin. Freha ta sha ji, amma daga kicin, hannunta na kan tukunya.

To, 'ya'ya sun watse, wannan Faransa, wancan Kanada, jikan da ya rage ma ya bi su bara. Mahluf kuwa mantuwa ta kama shi, irin wadda ba ta saki. Yau ya kira ta da sunan mahaifiyarsa, gobe ya tambaye ta me ya kawo ta gidansa. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Babban tsoronta kuwa shi ne daren idi ya zo gidanta, ba mai tambaya, ba mai amsa.

Shi ya sa ta shiga ajin manya da ake yi a zauren bayan majami'ar Yahudawa, inda Malam Amram, sa'an ɗanta na uku, ke koyar da addini da tarihi. Maƙwabciyarta Sulika ta gan ta da jaka, ta kwashe da dariya.

"Sai da haƙora suka zube za ki koyi tauna ƙashi?"

"Ke da naki suke nan," in ji Freha, "me kika tauna da su ban da naman mutane?"

Gaskiya baƙaƙen Ibrananci sun ba ta kashi. Ta zura ido, su yi ta rawa a takarda, har ta haƙura ta koma haddacewa da kunne. Rannan da aka tashi, ta tsaya.

"Malam, gidan da babu yaro, wa ke tambayar?"

"Matar gida ta tambayi mijinta, Lalla. Haka magabata suka ce."

"In mijin ba zai iya amsawa ba fa?"

Malam Amram ya gyaɗa kai, don ya san Mahluf. "Ko mutum shi kaɗai ne, sai ya tambayi kansa, ya ba kansa amsa."

Ashe aiki biyu ne a gabanta. Ta ɗaura ɗamara, tana shara tana bita, tana wa tsoho wanka tana bita, har ta riƙe tambayar da farkon amsar.

Ranar idi da rana ta faɗi, ta sa masa farar jallabiya, ta jera gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ta zaunar da shi a kujerarsa. Yana ta kallon bango. Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyi na ƙara, ta rera tambayar da muryarta mai rawa. Da ta kai ƙarshe ta ja numfashi don ta amsa wa kanta.

Sai Mahluf ya ɗora tafin hannunsa kan tebur.

"Bayi muke a hannun Fir'auna a ƙasar Masar," ya rera, da irin karin da ta saba ji daga kicin. Ya yi ta ja, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Freha ta zauna a hankali, hawaye na zuba, daɗi ya cika ta.

Da ya tsaya shan iska, ya juyo ya dube ta da fara'a.

"Yarinya, kin iya tambaya. 'Yar gidan wa ce ke?"

Ta goge ido da bakin ɗankwali. "'Yar gidan Mahluf ce, mai gyaran takalma."

"Madalla. Ki gaishe shi."

"Zai ji," in ji ta. Ta gyara masa wuyan jallabiya. "Ci gaba, Baba, ba mu fita Masar ba tukuna."