Sikelin Leimara

Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya da Leimara a Port Vila, babban birnin wata ƙasa mai tarin tsibirai, ban taɓa ganin mai tsoron jirgin sama irinta ba. Ga shi aikinta rajistar haihuwa ne a ƙananan tsibirai. Duk wata sai ta hau ɗan jirgin nan mai kujera takwas, wanda ake auna mutum da jakarsa kafin ya shiga. Mace ce mai jiki. Ranar tafiya ko shayi ba ta sha, wai kada ta ƙara wa jirgi nauyi.

Da tsohuwar kwamfutarta mai kilo uku ta mutu, ni na raka ta kanti. Kalfau mai kantin yana ta zuba: wannan batirinta na wuni guda, waccan ta fi sauri. Leimara ta zaro sikelin auna kifi daga jaka.

"Inna, kwamfuta kika zo saya ko kifi?" in ji shi.

"Ɗana, kai a ƙasa kake wuni. Sa min ita a leda ka rataya."

Haka ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki mai kilo ɗaya, mai ƙaramin allo, da ƙyar take ganin rubutun. Na yi mata dariya har muka koma ofis.

Wata na zagayowa aka tura mu tare wani tsibiri a arewa. Ta shigar da sunayen jarirai arba'in da uku. Za mu taso ke nan dagacin ƙauyen ya miƙa mata doya kamar cinyar ƙato, a gaban kowa. Doyar dagaci kuwa ba a mayarwa. Dole ta karɓa.

Kwana biyu ana ruwa. Filin jirgin na ciyawa ne, ya jiƙe sharkaf, ƙarshensa itatuwan kwakwa. Matuƙin ya auna mu, ya duba takardarsa.

"Mun cika maƙil. Ko kilo biyu aka ƙara ba zan tashi ba."

Jirgi ya ruga cikin taɓo, ya ƙi ɗagawa. Itatuwa sai matsowa suke. Na tabbata mutuwa ce. Leimara, doya a cinya, kwamfuta a ƙirji, farcenta a damtsena, tana cewa, "Ya Ubangiji, ka dai san ko karyawa ban yi ba!"

Muka ɗaga. Da kunnena na ji ganyen kwakwa ya daki taya.

Ran Litinin na sauke tawa kwamfutar a teburinta, na ce ta ara min sikelin. Ba ta yi min dariya ba. Ta buɗe jaka ta miƙo, har da ledar.