Na Sayar da Sunan Mma Zenabu

Kafin in lalace ni yaron kirki ne, ku tambayi tsofaffin unguwarmu Nima da suka rage. Ubana mai gadi ne, uwata kuwa ta rasu ina ƙarami. A gidan haya na tashi, kusa da babbar gwatar ruwa da ta raba mu da unguwar Maamobi. Wadda ta riƙe ni ita ce maƙwabciyarmu Mma Zenabu, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi. Ba ta haife ni ba, ba mu haɗa dangi ba, amma ban taɓa tafiya makaranta da yunwa ba. Takan ƙunsa mini nawa a ganye, ta ce, "Ungo, ɗana, kar ka tsaya wasa a hanya."

Na gaji da ba da labarin nan, wallahi na gaji. Amma ina ganinku, ku samarin da ke zaman bes, majalisarku ta bakin titi, kuna shan shayin ataya da waya a hannu, sai in ga kamar kaina nake kallo. Shi ya sa zan sake faɗa.

Na gama sakandare da Turanci a baki da rubutu mai kyau, aiki kuwa babu. Wata rana wani dattijo a gidanmu ya ce in raka shi ofishin gwamnati inda ake ba da takardun haihuwa da na shaida, don ba ya jin Turanci. Na cika masa takardunsa, ya ji daɗi, ya ba ni na goro. Kashegari na koma ni kaɗai. Akwai wata bishiya a ƙofar ofishin, samari na tsaye a ƙarƙashinta suna tare mutane. 'Yan goro ake ce musu. Kafin wata ya ƙare na zama ɗaya daga cikinsu.

Da farko layi kawai nake sa a tsallake. Ina da mutum a ciki, wani akawu da muke kira Bra Kojo. In miƙa masa fayil da abin hannu a tsakiya, aikin wata guda ya fito a yini ɗaya. Sai 'yan ƙwallon unguwa suka fara zuwa a rage musu shekaru. Na ce ai wannan taimako ne. Daga rage shekaru sai canza gari, daga canza gari sai canza uba. Kowane mataki na sami abin da zan faɗa wa zuciyata ta yi shiru.

Ku yaran yanzu ba ku san darajar takardar haihuwa ta gaskiya a unguwannin Zongo irin tamu ba. Yawancin iyayenmu a gida aka haife su, ba wanda ya rubuta. Shi ya sa ko kakanka a nan aka binne shi, in ka je ofis da sunan Musulmi sai a dube ka a ce, "Kai daga ina ka zo?" Mma Zenabu kuwa tana da tata, ta asali, don ubanta ɗan sanda ne, shi ya yi mata rajista tun tana jaririya. A cikin kwalla take ajiye ta ƙarƙashin gado. Wata damina gwata ta cika, ruwa ya shigo ɗakuna, takardar ta jiƙe. Ta kawo mini ita a leda, ta ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko, ka sa a sake mini sabuwa."

A makon nan wani dillali ya zo mini da maganar wata 'yar kasuwa, baƙuwa daga ƙetare, sa'ar Mma. Tana son takardun ƙasar nan don tafiye-tafiyenta, kuma tana son suna mai tushe, wanda in an bincika za a same shi. Na sa Bra Kojo ya fitar da takardar sau biyu. Ɗaya na kai wa Mma, ta sa mini albarka har da ƙarin nama a waakye. Ɗayar na sayar. Abin da na faɗa wa kaina shi ne: ina Mma za ta je? Daga murhu sai masallaci, sai kuwa kasuwar Agbogbloshie sayen albasa. Mai waakye me za ta yi da fasfo?

Shekaru suka wuce, har na manta. Sai kwamfuta ta shigo ofis. Aka kwashe tsofaffin fayiloli aka zuba a na'ura. Neman takarda ya koma ta waya, biyan kuɗi ya koma ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kowa kuma sai ya sa yatsa an ɗauki hotonsa. Aka kafa wani allo a bango ɗauke da dokokin aiki: ma'aikaci ba ya karɓar kyauta, ba ya hulɗa da ɗan tsakiya, ba ya ba kowa lambar sirrinsa ta shiga kwamfuta. Kowane ma'aikaci aka sa ya sa hannu. Mu a gindin bishiya dariya muka yi. Wani cikinmu ya ce, "Cale, abokina, allo ne kawai, bari fentin ya bushe." Fenti ya bushe, kasuwarmu ma ta bushe. Na koma ina yini a tashar motocin Circle ina neman ƙauyawan da ba su iya waya ba.

Ana cikin haka Allah ya kira Mma Zenabu. Susu, wato adashin da ta daɗe tana zubawa, ya taru, 'yarta Ramatu da sauran 'ya'yan suka cika, aka biya mata kujerar Makka. Unguwa ta ɗauka. Masu sayen waakye suka fara tsokanarta da "Hajiya", tana rufe fuska da mayafi tana cewa, "Ku bari sai na dawo." Ta sayi farin yadi na kayan tafiya, ta ninke ta sa a kwalla.

Ramatu ta kai ta neman fasfo. Mma ta ɗora yatsa a na'ura, ma'aikaciyar ta dubi kwamfuta, ta dube ta, ta sake duban kwamfuta. Ta ce, "Maame, wannan sunan yana da mai shi." Ta juyo mata da allon kwamfutar. Ga Zenabu, ga sunan ubanta, ga ranar haihuwarta, fuskar kuwa ta wata ce. Ashe baƙuwar nan ta riga ta je ta sa nata yatsan tun farkon zuwan na'ura. Wani jami'i ya fito ya tambayi Mma, a gaban mutane, daga wace ƙasa ta shigo. Ramatu ta ce mini tsohuwar amsa masa ta yi, "Kakana a Sabon Zongo yake kwance."

Kun san wurin wa ta zo da kukanta? Wurina. Ta same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ta zauna a benci, ta ce, "Ɗana, an sace mini suna. Kai ka san mutanen nan. Ka taimake ni kar jirgi ya tashi ya bar ni."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Daga baya lauyan gwamnati ya faɗa a kotu cewa da na je na yi bayani da kaina, na nuna dillalin, akwai hanyar gyara irin wannan, kuma da lokaci ya isa. Amma ni fuskata nake tsoro. Yaya zan dubi matar da ta ciyar da ni in ce ni ne? Sai na ce, "Mma, kwantar da hankalinki, kamar an gama."

Na je wa Bra Kojo. Da ya ji maganar ya kama kai, ya ce, "Massa, zamani ya canza, ni ba zan taɓa ba." Na ce masa idan aka tono, da ni da shi za a kwasa. Sai ya kama hannuna ya rubuta lambar sirrinsa a tafina da biro. Ya ce in shigo lokacin cin abincin rana, kwamfutar ɗakin baya ba kowa a kanta. Na shiga, na nemo sunan, na yi ƙoƙarin goge hoton baƙuwar. Ni da na saba da zamanin da ake zare takarda daga fayil a sa a aljihu, na ɗauka nan ma haka ne. Ban san na'urar tana rubuta wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa ba. Ga kuma kyamara a saman kaina.

Hoton bai gogu ba. Abin da ya faru shi ne aka kulle sunan gaba ɗaya, ba mai amfani da shi sai an gama bincike. Kuma da yake don Mma aka yi yunƙurin, ita aka fara kira. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yini a bencin ofishin 'yan sanda ana tambayarta nawa ta biya. Ni kuwa a tashar trotro, motocin haya, aka kama ni. Da aka shigo da ni da ankwa, tana nan zaune. Ɗan sanda ya karanta mata abin da na amsa, cewa ni na sayar da sunanta. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni! Cewa kawai ta yi, "Kai ne?" Sai ta gyara mayafinta ta dubi ƙasa.

Aka kori Bra Kojo daga aiki, aka kawo takardar dokokin da ya sa wa hannu aka nuna a kotu. Shi ya rantse satar lambar na yi. Ban ma yi gardama ba, ƙarfina ya ƙare. Aka ɗaure mu duka, nawa ya fi tsawo. Ina tsare jirgin alhazai ya tashi. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin kurkuku ba. Cunkoso ne, da ƙaiƙayi, da miyar da ba ta san gishiri ba. Abin da ya fi damuna shi ne duk ranar Arfa sai in kasa haɗa ido da kowa.

Ranar da aka sake ni, gidanmu na nufa kai tsaye. Teburin waakye yana nan, amma Ramatu ce a bayansa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce na zo neman gafarar Mma. Ta ajiye ludayi, ta ce, "Ka makara, Yaya. Farin yadin da ta saya, da shi muka yi mata likkafani." Na durƙusa a nan bakin titi. Ta ce, "Ta yafe maka tun kafin ta kwanta ciwo, ta ce in faɗa maka. Ni dai ban iya ba tukuna." Sannan ta ciro wayarta daga zani, ta nemo wani saƙo, ta miƙo mini. Daga ofishin ne, ya shigo bayan an yi addu'ar arba'in. An gama bincike, an tabbatar ita ce mai sunan, ta zo ta sa yatsa.

Na tuba, Allah shi ne shaida. Yanzu ɗinkin buhu nake yi a kasuwa, bayana ya sunkuya, ba ni da mata, ba ni da ɗa. In tsoho ya kawo mini waya in cika masa wani abu, nakan cika a gabansa, in karanta masa da Hausa, in mayar masa da katin shaidarsa kafin ya tashi.

Ku kuma, ƙannena, na san abin da ake yi. Tsohuwa ta ba ka katinta ka yi mata rajistar layin waya, ka ɗauki hotonsa ka ajiye, gobe wani ya saya. Aboki a ofis ya ara maka lambarsa. Kana cewa ai ba wanda ya ji ciwo, ina tsohuwar za ta je? Ni ma haka na ce. Kar ka taɓa sunan da aka ba ka amana. In kuwa ka riga ka taɓa, tashi yau ka je ka faɗa da bakinka, tun mai sunan tana da ran da za ta je ta sa yatsa.